Shago babu kaya: Yadda ake ciniki a intanet da hajar da ke siton wani

Hoton atamfa, hoton takalmi, hoton tukunyar girki mai aiki da lantarki, a ƙasa an rubuta farashi da lambar waya. Irin wannan talla ta cika WhatsApp da Facebook da Instagram da TikTok a Kano da Kaduna da Abuja da sauran garuruwa.

Abin da mai saye bai cika sani ba shi ne, da dama daga cikin masu wannan talla ba su taɓa riƙe kayan a hannunsu ba. Kayan suna can a wani shago a Kantin Kwari, ko a wani sito a Legas, ko ma a birnin Guangzhou na ƙasar Chaina. Sai an yi ciniki an tura kuɗi, sannan mai tallar zai kira ainihin mai kayan ya ce a aika wa wane.

Wannan salo shi ake kira dirofshifin, wato sayar da kaya ba tare da ajiye su ba. Ana yawan tallata shi ga matasa da matan aure a matsayin kasuwancin da ba ya buƙatar jari. Gaskiya ne ba ya buƙatar kuɗin haya ko na cika shago. Sai dai duk wanda ya karɓi kuɗin mai saye, shi ke ɗauke da nauyin cinikin, ko ya ga kayan ko bai gani ba. A nan ne riba da asarar wannan sana'a suke.

Yadda cinikin ke gudana

Mutum uku ne a cikin kowane ciniki irin wannan: mai saye, da mai talla, da mai kaya.

Mai talla yana samun hotuna da farashi daga wurin mai kaya, sai ya ɗora ribarsa ya wallafa. Idan mai saye ya yi oda ya biya, mai tallar zai cire abin da ya ɗora, ya tura wa mai kaya sauran tare da sunan mai saye da adireshinsa da lambar wayarsa. Mai kaya ne zai naɗe ya aika. Sau da yawa ba ya sa sunansa ko rasit ɗinsa a jikin ƙunshin, don kada mai saye ya gano inda kayan suka fito ya riƙa zuwa can kai-tsaye.

Wasu na ɗaukar wannan a matsayin dillanci, kuma akwai kama. Amma akwai bambanci mai muhimmanci. Dillalin da aka sani a kasuwa yana haɗa mai kaya da mai saye, kowa ya san kowa, shi kuma ya karɓi la'adarsa ya koma gefe. Mai dirofshifin kuwa shi ne mai sayarwa a idon kwastoma. Asusunsa aka tura wa kuɗi, shi ya yanka farashi, shi ya yi alƙawarin ranar da kaya za su iso. Idan takalmi ya zo da lamba 41 maimakon 43, shi za a kira.

Sarƙar sari, daga masana'anta zuwa shago

Kafin a fahimci inda mai talla ya tsaya, sai an san yadda kaya ke tafiya a tsarin sari da aka saba da shi.

Masana'anta ba ta sayar da ƙwaya ɗaya. Tana yin kaya da yawa a lokaci guda ne don kuɗin yin kowane guda ya sauka, don haka takan ƙayyade mafi ƙarancin adadin da za ta karɓi oda a kansa, ko ɗaruruwa ko dubbai. Wanda ke iya ɗaukar wannan adadi shi ne babban dila, ko mai shigo da kaya a kwantena. Shi ke biyan kuɗin jirgi da na fito a tashar ruwa da harajin kwastam da hayar sito.

Daga wurinsa 'yan sari ke ɗauka a katan-katan ko bandir-bandir. Su kuma su sayar wa masu shago da 'yan tireda a dozin ko rabin dozin, har kaya su kai ga mai saye ɗai-ɗai. Kowane hannu da kaya suka bi yana ɗora wani abu a kan farashi.

Wannan ɗori ba na banza ba ne. Ɗan sari yana yin ayyuka huɗu da masana'anta ba za ta yi wa ƙaramin ɗan kasuwa ba. Yana rarraba babban kaya zuwa ƙananan kashi. Yana ajiye su kusa da masu buƙata. Yana ba amintattun abokan cinikinsa bashi, su sayar su kawo kuɗi. Sannan yana ɗaukar haɗarin kwantai: idan yayin wani leshi ya wuce alhali yana da bandir hamsin a sito, asararsa ce.

A Kano ana ganin wannan tsari ƙarara. Kantin Kwari ita ce cibiyar atamfa da shadda da yadi, inda 'yan kasuwa daga Nijar da Chadi da Kamaru ke zuwa sari. Kasuwar Singa ta yi suna wajen kayan masarufi, Farm Centre wajen wayoyi da kayan haɗinsu, Dawanau kuma wajen hatsi. A kudu akwai Alaba da Balogun a Legas, da babbar kasuwar Onitsha, da Ariaria a Aba wadda aka sani da takalma da jakunkuna.

Intanet ba ta rushe wannan sarƙa ba. Ta ƙara mata mahaɗi ne. Kamfanoni irin su TradeDepot da OmniRetail sun fito da manhajojin da mai shago zai yi odar kaya daga diloli ta waya a kawo masa har ƙofa. Shi kuma mai dirofshifin ya shigo ne a ƙarshen sarƙar, a gurbin mai shago, sai dai bai ɗauki ko ɗaya daga cikin ayyukan ajiya ba. Saboda haka farashin da ake ba shi na ƙwaya ɗaya ne, ko kusa da hakan. Rangwamen sari na wanda ya zuba kuɗinsa ne.

Hanyar Chaina

Kaso mai yawa na ƙananan kayan da ake tallatawa a intanet, daga cajar waya zuwa kayan kicin, daga Chaina suke fitowa.

Birnin Yiwu da ke lardin Zhejiang yana da kasuwar sarin ƙananan kaya mafi girma a duniya, mai rumfuna sama da 70,000. Guangzhou na karɓar baje-kolin Canton sau biyu a shekara tun 1957, kuma 'yan kasuwar Afirka sun daɗe suna zama a can suna yi wa na gida sayayya. Shenzhen kuma ita ce matattarar kayan lantarki.

Kamfanin Alibaba, wanda Jack Ma da abokansa suka kafa a Hangzhou a 1999, yana da shafuka daban-daban don kowane rukuni. Shafin Alibaba na masu sari ne daga ƙasashen waje. Shafin 1688 na sarin cikin gida ne, da harshen Sinanci da kuɗin yuan, kuma farashinsa ya fi sauƙi. AliExpress, wanda aka buɗe a 2010, yana sayar da ko da ƙwaya ɗaya ce ya aika wa mutum ƙasarsa.

'Yan Najeriya da ke saye a 1688 galibi suna bi ta hannun ejan ne. Su biya shi da naira, shi ya biya da yuan, ya tattara kayan a sitonsa a Chaina, sannan ya ɗoro su. Idan ta jirgin sama ne, da kilo ake cajin kuɗi kuma kaya kan iso da wuri. Idan ta ruwa ne, ana lissafi da girman wurin da kaya suka ci a kwantena. Ya fi araha, amma mutum zai jira wata ɗaya zuwa sama, ban da lokacin fito.

Akwai kuma lokacin da komai ke tsayawa. A hutun sabuwar shekarar Sinawa, wanda ke faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da Fabrairu, masana'antu da yawa na rufewa na makonni. Mai tallar da ya karɓi kuɗin mutane a irin wannan lokaci ya ce kaya za su zo cikin kwana goma, ya ɗauko wa kansa rigima.

Daga ina abin ya samo asali?

Tun kafin intanet, kamfanonin da ke sayar da kaya ta kundin hotuna a Amurka sukan sa masana'anta ta aika wa mai saye manyan kaya kai-tsaye. Intanet ce ta buɗe ƙofar ga kowa.

A 1999 wani Ba'amurke mai suna Nick Swinmurn ya riƙa shiga shagunan takalma a yankin San Francisco yana ɗaukar hotuna yana sawa a shafinsa. Idan wani ya saya, sai ya koma shagon ya biya ya aika. Wannan shafi shi ya zama kamfanin Zappos, wanda a farkon shekarunsa ya dogara sosai da masu yin takalma su aika wa kwastomominsa da kansu.

Abin lura shi ne a 2003 kamfanin ya daina hakan gaba ɗaya, duk da cewa yana samun kuɗi ta hanyar. Dalilinsa shi ne ba shi da iko da lokacin da kaya ke isa, kuma yakan sayar da takalmin da daga baya za a ce masa ya ƙare. Ya koma ajiye kayansa a sitonsa. A 2009 Amazon ya saye shi a kan kimanin dala biliyan 1.2.

Wannan ba ya nufin salon ba ya aiki ga manya. Kamfanin Wayfair na birnin Boston, mai sayar da kayan ɗaki, ya ginu ne a kan masu kaya su aika kai-tsaye. Amma yana yin hakan da yarjejeniya a rubuce da manhajar da ke nuna masa abin da ya rage a siton kowane mai kaya.

Abubuwa uku suka sa dirofshifin ya bazu tsakanin ɗaiɗaikun mutane bayan 2010. Na farko AliExpress. Na biyu Shopify, kamfanin Kanada da ya fara a 2006, wanda ke ba mutum damar buɗe shagon intanet ba tare da ya iya haɗa shafi ba. A 2017 ya sayi manhajar Oberlo mai kwaso kayan AliExpress zuwa irin waɗannan shaguna, kafin ya rufe ta a 2022. Na uku shi ne arahar aika saƙo. A ƙarƙashin tsarin Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya, an daɗe ana lissafa Chaina cikin ƙasashe masu tasowa, don haka a wancan lokaci aika ƙaramin ƙunshi daga can zuwa Amurka kan fi araha a kan aika shi daga wata jihar Amurka zuwa wata.

Lissafin da ba a nunawa a talla

Masu koyar da wannan sana'a a intanet sun fi nuna tazarar da ke tsakanin farashin saye da na sayarwa. Ga wani misali na ƙiyasi da ke nuna sauran lissafin.

A ce mai kaya yana ba da takalmi a kan naira 12,000, mai talla kuma ya sa 18,000. Ribar da ake gani ita ce 6,000. Idan aka samu oda goma, mutum zai sa ran 60,000.

To amma kafin a samu odar goman, a ce ya kashe 20,000 wajen biyan talla a Facebook ko Instagram. Ya kuma yi alƙawarin kai kaya kyauta, kowane aike 2,000, wato 20,000 ke nan. An yi sharaɗin sai kaya sun iso za a biya. Mutum takwas suka karɓa, ɗaya ya ce launin bai yi masa ba, ɗaya kuma ya kashe wayarsa. Dawo da takalma biyun ya ci 4,000.

Ribar takalma takwas 48,000 ce. A cire 44,000 na talla da aike da dawowa, saura 4,000. Idan kuma mai kaya ya ce shi ba ya karɓar abin da ya riga ya fita, mai talla ya sayi takalma biyu a kan 24,000 ba da niyya ba, ya koma yana neman 20,000 daga aljihunsa.

Yanzu a ɗauki wanda ya sari dozin ɗaya na takalmin a kan 9,500 kowanne. Ya zuba 114,000 tun farko. Da irin wannan oda da irin wannan kashe-kashe, ribarsa a takalma takwas 68,000 ce, a cire 44,000, saura 24,000. Ya fi na farko nesa ba kusa ba. Sai dai ribar tasa tana kwance a cikin takalma huɗun da suka rage. Idan ya sayar da su ya ci, idan suka yi kwantai ya tashi a tutar babu.

Wannan shi ne ainihin zaɓin. Ɗan sari yana saka jarinsa cikin haɗari don ya sami riba mai kauri da iko a kan kayansa. Mai dirofshifin yana tsira daga kwantai, amma ribarsa siririya ce, kuskure ɗaya ko biyu sun isa su cinye ta.

Yadda abin yake a Najeriya

A Amurka da Turai mai saye yana biya da kati kafin a aika masa kaya, kuma gidan waya ya san ƙofar kowa. A nan abin ya sha bamban.

Na farko, batun yarda. Bahaushe ya ce ba a cinikin biri a sama, kuma labaran waɗanda suka tura kuɗi aka toshe lambarsu sun sa mutane da yawa ba sa biya sai sun gani. Hatta Jumia da Konga, waɗanda suka fara aiki a Legas a 2012, da tsarin biya bayan kaya sun iso suka jawo kwastomomi. Ga mai talla wanda ba shi da jari, wannan matsala ce babba, domin mai kaya yana son kuɗinsa kafin ya saki kaya, mai saye kuma yana riƙe da nasa. Shi ya sa wasu ke karɓar kafin-alƙalami, aƙalla kuɗin aike.

Na biyu, adireshi. Gidaje da yawa ba su da lamba, da kwatance ake zuwa: bayan masallacin Juma'a, kusa da gidan mai. A cikin gari masu babur da masu adaidaita-sahu ke kai saƙo. Tsakanin gari da gari kuwa tashar mota ce ke ɗauke da kaso mai yawa na wannan ciniki. A rubuta suna da lambar waya a jikin leda a ba direba, mai saye ya je tasha ya karɓa. Hanyar tana da sauri da araha, amma idan kaya suka ɓace ko suka lalace, da wuya a sami takardar da za a kama wani da ita.

Na uku, yawancin masu yin sana'ar a nan ba daga Chaina suke turo kaya ɗai-ɗai ba, domin kwastoma ba zai jira makonni ba. Suna dogara ne da diloli na cikin gida waɗanda suka riga suka shigo da kayan. Dila zai buɗe zaure a WhatsApp ko Telegram yana zuba hotuna da farashi kullum, masu talla su kwasa su yaɗa. Ga dilan, wannan rundunar 'yan talla ce da ba ya biyan albashi.

Akwai kuma masu tara oda. Su sanar cewa za a yo wani kaya daga Chaina ko Dubai ko Turkiyya, kowa ya biya, idan adadi ya cika a yi sari gaba ɗaya. Farashi yakan yi sauƙi, amma kuɗin mutane na zama a hannun mutum ɗaya na tsawon makonni, kuma duk abin da ya sami canji ko jirgi a tsakani zai shafi kowa.

Ƙasa ta fara motsi a ƙarƙashin sana'ar

Arahar da ta raini dirofshifin ta fara ja da baya. A 2019 Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya ta amince Amurka ta riƙa yanka nata kuɗin karɓar ƙananan ƙunshi daga waje, bayan gwamnatin Donald Trump ta yi barazanar ficewa daga ƙungiyar. A ranar 1 ga Yulin 2021 Tarayyar Turai ta soke rangwamen harajin VAT da take yi wa kayan da ba su wuce yuro 22 ba.

Amurka ta daɗe tana barin ƙunshin da bai wuce dala 800 ba ya shiga ba tare da harajin kwastam ba. A watan Mayun 2025 ta soke wannan dama ga kayan Chaina da Hong Kong, sannan a ƙarshen Agustan shekarar ta soke ta ga sauran ƙasashe. Wannan ya shafi har 'yan Najeriyar da ke zaune a gida suna gudanar da shagunan Shopify masu sayar wa Amurkawa.

A Najeriya kuma Hukumar Kwastam ta sanar a Satumban 2025 cewa ƙananan kayan da darajarsu ba ta wuce dala 300 ba za su shigo babu haraji, amma sau huɗu kawai a shekara ga mutum guda. Wannan ya fi amfanar mai saye don kansa a kan ɗan kasuwar da ke oda kowane mako.

Sai batun canji. Kafin Babban Bankin Najeriya ya saki naira a Yunin 2023, dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. A 2024 ta haura 1,500. Mai tallar da ya yanka farashi yau ya je biyan mai kaya bayan mako guda ya sha ganin ribarsa ta narke a hanya.

Ga kuma gasa daga tushe. Temu, wanda ya fara a Amurka a 2022, ya shigo Najeriya a ƙarshen 2024 yana sayar wa mutane kai-tsaye daga Chaina. Mai saye na iya ɗaukar hoton da aka tallata masa ya bincika a waya ya ga farashin asali cikin minti ɗaya. Wanda duk abin da yake da shi hoto ne kawai, ba shi da abin da zai riƙe kwastoma da shi.

Wa za a kama idan an sami matsala?

Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar mayar da kayan da suka zo da aibi ko suka saɓa wa yadda aka siffanta su. Mai saye wanda ya karɓi kuɗinsa ya sani, kuma a kansa zai kai ƙara. Cewa "ba ni na aika ba" ba ya sauke wannan nauyi.

Haɗarin ya fi girma a kayan da ake ci ko ake shafawa. Mayukan gyaran fata, da magungunan ƙiba ko rama, da kayan mata da ake haɗawa a kwalba, duk suna ƙarƙashin sa idon NAFDAC. Tallata wanda ba shi da rajista saɓa doka ne, ko da mai tallar bai taɓa buɗe kwalbar ba. Haka kayan jabu masu ɗauke da tambarin wani kamfani.

Manyan kasuwannin intanet ma sun ɗauki wannan matsaya. Amazon ya yarda da dirofshifin ne da sharaɗin sunan mai sayarwa ne zai fito a rasit da ƙunshi, kuma shi zai karɓi kayan da aka dawo da su. Shi da eBay duk sun hana mutum ya sayi kaya a wani shagon kiri ya sa a aika wa kwastomansa kai-tsaye.

Abin da malamai ke dubawa

Tambayar halacci na yawan tasowa, kuma tana da tushe. A hadisin Hakim ɗan Hizam, sahabin ya tambayi Manzon Allah (SAW) game da mutumin da zai zo neman abin da ba ya da shi, ya sayar masa sannan ya je kasuwa ya sayo, sai aka hana shi. Saboda haka malamai da dama ke ganin akwai matsala idan mutum ya ƙulla ciniki a kan wani takamaiman kaya da bai mallaka ba.

Sun kuma bayyana hanyoyin da za a bi. Ɗaya ita ce wakilci: mai kaya ya naɗa mai talla wakilinsa a fili, su yi yarjejeniya kan kamasho ko kan abin da zai ɗora. Ta biyu ita ce cinikin salam, inda ake siffanta kaya dalla-dalla, a sa ranar kawowa, mai saye ya biya kuɗin gaba ɗaya tun farko, nauyin kawowa kuma ya hau kan mai sayarwa. Ta uku ita ce a ɗauki odar a matsayin alƙawari, mai talla ya sayi kayan su shiga hannunsa ko hannun wakilinsa, sannan a ƙulla cinikin. Akwai saɓani a kan wasu rassan, don haka ya kamata mutum ya kai wa malami ainihin yadda yake gudanar da nasa cinikin.

Kafin a fara, kafin a tura kuɗi

Ga mai son shiga sana'ar, abu na farko shi ne ya sayi ƙwaya ɗaya da kuɗinsa ya gani da idonsa, ya ɗauki nasa hoton da bidiyo. Ya san shagon mai kaya ko sitonsa. Su yi magana a rubuce kan abu uku: wa zai biya idan kaya suka zo da aibi, kwana nawa ake da shi na mayarwa, kuma yaya za a sanar da shi idan kaya sun ƙare ko farashi ya tashi. Kada ya taɓa kuɗin kwastoma sai kaya sun isa. Rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC da buɗe asusun banki da sunan na ƙara wa mai saye natsuwa. Duk wanda kuma ya ce a biya shi kuɗin koyarwa mai yawa da alƙawarin miliyoyi cikin wata guda, a tambaye shi lissafin talla da aike da kayan da aka dawo da su.

Hanyar da ta fi dacewa da ƙaramin jari ita ce haɗa biyun: a yi amfani da dirofshifin wajen gwada kasuwa, idan an ga kaya biyu ko uku da ke tafiya, a fara sarinsu kaɗan-kaɗan ana ajiyewa.

Ga mai saye kuma, ba laifi ba ne ya tambaya ko kayan suna hannun mai talla. Ya nemi bidiyon kayan na ranar, ya tabbatar sunan asusun da zai tura wa kuɗi ya dace da na wanda yake magana da shi, ya kuma ajiye hoton tallar da saƙonnin da suka yi. Idan amsar ita ce kayan suna wurin wani, sai ya ji ranar da za su iso da wanda zai mayar masa da kuɗinsa idan ba su zo yadda aka ce ba, tun kafin ya danna tura.